Gandun Cikin Waya

Shafi na 19

Salamu alaikum 'yan gidan nan. Masu cewa na yi shiru, gaskiyarku. Shuka ce ta riƙe ni, kun kuwa san ƙasa ba ta jiran mai rubutu. Ku gyara zama.

*

Hantsi ya ɗan ɗago, ruwan da ya sauko tun asuba ya ɗauke, amma sama ba ta washe ba. Gari ya yi luf, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shiga har cikin ɗaki. Ta bayan katanga kana jin mutane suna wucewa da sungumi a kafaɗa, wannan ya ce barka da ruwa, wancan ya amsa yana tafe bai tsaya ba. Ruwan shuka ne, wanda aka daɗe ana ɗaga kai ana jira.

Hashimu kuwa ya kasa tsaye, ya kasa zaune.

Ya shiga zaure, ya fito. Ya je bakin rumbu ya dubi ƙwaryar irin gero da Inna ta sussuke ta sheƙe tun shekaranjiya, ya kai hannu, ya janye. Ba shi da ikon ɗauka. Baffa Sha'aban, ƙanin Babansa, ya riga ya yanke magana: bana ko ƙwayar gero ba za ta shiga gandu ba. Riɗi za a zuba tun daga farko har ƙarshe, wani ɗan kasuwa a Dawanau ya ce zai kwashe duka in kaka ta yi. Masu garmar shanu za su iso bayan azahar su yi huɗa. In kuwa garma ta shiga, zancen gero ya ƙare sai baɗi.

Gandun nan gadon Baba ne da Baffa, tare suke nomawa, rumbu ɗaya ake ɗiba. Tun rasuwar Kaka, Baba ne mai cewa a sa kaza a nan, a sa kaza a can. To tun bayan girbin bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Kalma ɗaya ta rage a bakinsa: "to." Ka ce sannu, ya ce to. Ka ce za ka sha kunu, ya ce to. Ka ce ba za ka sha ba, ya ce to.

Da wannan "to" ɗin Baffa ya ce an ba shi izini.

Hashimu ya rasa abin yi, sai ya shiga ɗakin Baba inda ya bar wayarsa a caji, ya ciro ta. A nan take wuni, don a nan wayar sola ta ƙare. Baba yana kishingiɗe, ido biyu, yana bin sa da kallo har ya fita.

Ya zauna a dakalin zaure ya buɗe gem ɗinsa na noma, wanda ya yi kwanaki bai leƙa ba saboda kai taki.

Gem ɗin nan lokaci huɗu gare shi: na furanni, na zafi, na zubar ganye, da na ƙanƙara. Kowane lokaci da amfanin da ya fi karɓa, in ka kuskure ka sa abin da ba nasa ba, ka yi wahalar banza. Hashimu ya san su kamar yunwar cikinsa. A lokacin zafi babu kamar kankana, a zubar ganye sai kabewa. Shi ya sa ya cika gonarsa da kankana tun daga wannan bango har wancan, don sun yi gasa da abokinsa Najib: wanda gonarsa ta fi albarka in lokacin zafi ya fita, ɗayan zai yi masa noman firi a gayaunarsa ta gaske, da fartanya, cikin rana.

Gonar ta buɗe.

Babu kankana. Ko ɗaya.

An tuge ta tas. A maimakonta an ja layukan alkama, abin da ya fi komai arha a gem ɗin. An kawo masara an gicciya. An tsarma wake a tsakani. Kuma ko ɗigon ruwa ba a zuba musu ba, ga ƙasar nan a bushe.

"Innalillahi," ya faɗa a hankali.

"Manomin gilashi!"

Najib ne ya leƙo da sungumi a kafaɗa, ƙafarsa duk taɓo. Sunan da Baba ya laƙaba wa Hashimu ne tun yana da lafiya, duk samarin unguwa suka ɗauka.

"Kowa yana gona kai kana nan kana shafa waya. Ko da yake ka huta, gayaunata tana jiran ka. Ka wasa fartanya da kyau, ciyawata ba ta da mutunci."

"Kai ne ko?"

"Ni ne me?"

"Najib, in wasa ne ya yi yawa."

Ya miƙa masa wayar. Najib ya karɓa da yatsu biyu don kada ya shafa mata taɓo. Ya duba, ya ƙara dubawa, sai ya fashe da dariya har sungumin yana zamewa.

"Alkama? A lokacin kankana? Wallahi ko ni da nake son in cinye ka ba zan yi maka wannan muguntar ba."

"To wa ya yi?"

"Ina zan sani? Ni na taɓa shiga ɗakin Baba? A can take wuni." Ya sake kallon wayar, dariyar ta ɗan lafa. "Wanda ya yi wannan dai bai san gem ba. Amma fa ya iya jan layi. Dubi, kamar da igiya."

Ya ajiye masa a cinya.

"Bari in wuce, tsohona zai cire min kunne. Ku fa? Ba za ku fita ba?"

"Sai bayan azahar."

Najib ya gane. Bai ƙara tsokana ba, ya gyara sunguminsa ya tafi.

Hashimu ya ɗaga wayar zai goge wani maiƙo da ya gani a fuskarta. Sai wari ya bugi hancinsa. Ya kai ta kusa, ya sansana.

Man zafi.

Irin wanda ake shafa wa Baba a hannu safe da yamma.

Ya miƙe.

Inna Fadima tana bakin murhu tana dama kunun tsamiya. Icen ya jiƙe, hayaƙi ya cika wurin, tana fifita da faifai tana ƙifta ido.

"Inna."

"Na'am."

"Wa yake taɓa wayata in na tafi kai taki?"

"Miƙo min ludayin can."

Ya miƙa mata.

"Inna, wa yake taɓawa?"

"Kai ɗan nan, ni me na sani a gonar aljanunka? Ko kaji ne suka taka."

"Kaji suna shafa man zafi?"

Ludayin ya tsaya a cikin tukunya.

Ta dubi ƙofar ɗakin Baba, ta dubi ƙofar da ta raba sashensu da na Baffa. Sannan ta yi ƙasa da murya.

"Tsuguna."

Ya tsuguna.

"Ni na riƙe. Shi ya taɓa."

"Wa?"

"Malam mana. Wa kuma?"

Hashimu ya zauna daɓas a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Baba? Baba da yake ce min manomin gilashi?"

"Shi. Kana zaton duk zaman da kake yi a gefensa bayan la'asar kana latse-latse, barci yake? Kallon ka yake. Ranar da ka fara kai taki da jaki, na shiga na tarar yana miƙa hannun hagun nan, yana to, to, to, har gumi ya keto masa. Na ba shi ruwa ya kau da kai. Na gyara matashi ya kau da kai. Da na ɗauko wayar sai ya yi shiru."

"Ke kika buɗe masa?"

"Ni na iya? Kai da ba ka sa mata makulli. Hoton ɗan mutumin nan mai malafa ya nuna, na ɗora masa yatsa. Shi ke nan. Hannun yana rawa, sai na tallafe masa gwiwar hannun. Wani lokacin layi ɗaya sai mu kai azahar."

"Kankanata fa?"

Inna ta rufe baki da gefen zane. Kafaɗarta tana motsi.

"Ranar da ya tuge kankanar nan... Hashimu, dariya ya yi. Da rabin baki, amma dariya ce. Rabon da in ji wannan sautin tun kafin ya kwanta."

Hashimu ya sunkuyar da kai.

"Kuma ya hana a ba su ruwa," ta ci gaba. "Akwai wata 'yar buta a ciki, na ga kai kana zuba wa naka da ita. In na kai yatsansa kanta sai ya fizge. Ya dinga kallon saman wayar."

"Jiran ruwan sama yake."

"Shi na gani. Na ce Malam, wannan fa saman ƙarya ce. Ya ce to."

"Me ya sa ba ki faɗa min ba, Inna?"

"In faɗa maka ka ɗauke abarka? Ko in faɗa gari ya ji Malam Sama'ilu, mai jan mutane salla, ya koma wasan yara? Baffanka dama cewa yake hankali ya gushe. In ya ji wannan ai ya samu shaida. Ka rufa mana asiri, ka koma ka shuka kankanarka, zan san yadda zan lallashe shi."

Hashimu ya dubi wayar da ke hannunsa. Maganar Najib ce take yi masa yawo a ka. Ya iya jan layi.

Ya sake buɗe gonar. Wannan karon bai nemi kankana ba. Ya dubi layukan kawai.

Ga itace babba a can gefe, shi kaɗai. An sare sauran da ke kusa da shi, an bar shi. Ga wasu biyu a tsaye kusa da juna. Ga rijiya, an ɗauke ta daga inda ya gina ta, an mayar da ita tsakiya. A ƙarƙashin babban itacen kuma ga wani ɗan fili da ba a shuka komai ba, an kewaye shi da ƙananan duwatsu.

Ya juya wayar a hankali, ya sa babban itacen ya koma gabas.



"Inna... tsamiya ce."

"Wace tsamiya?"

"Tsamiyar gandu. Ga gawo biyun nan. Ga rijiya. Nan kuma," ya ɗora yatsa a kan ɗan filin duwatsun, "nan ne wurin sallarsa. Inda yake shimfiɗa buzu."

Inna ta saki faifai.

"Babu gero a gem ɗin, shi ne ya sa alkama. Babu dawa, ya sa masara. Dubi, geron a kan tudu, dawar ta fi yawa a kwari, wake a tsakani. Inna, ba wasa yake ba. Tun kwanaki yake faɗa mana abin da za a shuka. Mu ne ba mu ji ba."

Ta karɓi wayar, ta riƙe ta nesa da ido yadda take yi in za ta zura allura. Leɓenta yana motsi ba sauti.

"Ni da nake riƙe masa," ta ce daga ƙarshe. "Ni da nake riƙe masa ban gani ba."

"Zan nuna wa Baffa."

"A'a."

"Inna, azahar ta kusa."

"Na ce a'a! In bai yarda ba fa? In ya fita zaure ya faɗa wa mutane? Gero dai a yi haƙuri, baɗi ma shekara ce. Mutuncin mutum kuwa in ya zube, da me za ka kwashe?"

"In garma ta shiga yau, Inna, gobe wa zai ƙara tambayarsa wani abu? Sai dai a shigo a ce sannu, ya ce to, a fita."

Sai ga ƙarar babur a ƙofar gida. Aka kashe. Aka yi gyaran murya.

Baffa Sha'aban ya shigo da ɗan buhun irin riɗi a kafaɗa, bakin wandonsa a naɗe. Tun sassafe ya tafi Ɗambatta karɓo shi. Dogon mutum ne, ba mai yawan dariya ba, amma ba a taɓa jin ya zagi kowa ba.

"Barkanku da ruwa. Matar Yaya, hayaƙin nan na kunu ne ko na korar sauro?"

"Barka kadai, Baffan yara," Inna ta amsa, ba ta mayar masa da wasan ba.

Ya lura. Ya sauke buhun a hankali.

"Lafiya? Jikin ne?"

"Da sauƙi."

Hashimu ya matso ya durƙusa.

"Baffa, ina da magana."

"In ta gero ce, na ji ta jiya, na ji ta shekaranjiya."

"Ta Baba ce."

"Yayana ai na tambaye shi. A gabanka na tambaye shi. Ya ce to."

"Baffa, ka yi haƙuri. Ko cewa ka yi a kai ni kasuwar Ɗambatta a sayar, to zai ce."

"Da wa zai saye ka?" Baffa ya faɗa, amma fuskarsa ba ta saki ba. "Ka faɗi maganarka, ina da aiki."

Hashimu ya miƙa wayar da hannu biyu.

Baffa ya dube ta kamar an miƙo masa kunama.

"Mene ne wannan?"

"Gandu ne. Baba ne ya tsara. Ga tsamiya, ga..."

"Wa ya tsara?"

"Baba."

Baffa ya juya ya kalli Inna. Ta sunkuyar da kai tana juya kunun da ya riga ya dahu.

"Da ke a ciki?"

Ta ci gaba da juyawa.

"La'ilaha illallahu." Ya girgiza kai. "Yayana. Mutumin da ya koya min alwala. Don ya kwanta, shi ne kuka ɗora masa wasan yara a ƙirji kuna ja masa yatsa? Kuma ku kawo min ku ce ga umarninsa?"

"Ba wanda ya ja masa yatsa," in ji Inna, a hankali. "Gwiwa na tallafe."

"Kai kuma," ya nuna Hashimu, "gonar nan a cikinta ka yi rarrafe. Ka san inda tsamiya take, ka san inda rijiya take. Me zai hana ka zauna ka zana abinka, ka ce shi ne?"

"Wallahi Baffa ni kankana na shuka."

"Kankana!"

"A lokacin zafi ita ce ta fi..."

"Rufe min baki da lokacin zafi! Kana zaton daɗi nake ji? Bara da idonka ka ga abin da ciyawar wuta-wuta ta yi wa geron tudu. Dami nawa muka ɗaure? Maganin Yaya da me ake sayo shi, da ƙaiƙayi? Ni kaɗai nake kwana ina juyi, ku kuna nan kuna noma a gilashi!"

Daga cikin ɗaki aka ji wani ƙara. Ƙwanƙwasa ce. Kofin silba ake bugawa a jikin ƙarfen gado.

Kwas. Kwas. Kwas.

Duk suka waiwaya.

"To!" muryar Baba ta fito, a shaƙe. "To! To!"

Baffa ne ya fara shiga, ya cire takalmi a bakin ƙofa. Hashimu yana biye, Inna a baya.

Malam Sama'ilu ya yunƙura har matashin ya zame. Hularsa ta karkace. Hannun dama yana kwance a cinya kamar ba nasa ba, na hagun yana riƙe da kofin. Da ya ga wayar a hannun Hashimu sai ya saki kofin ya miƙa hannu.

"Yaya, sannu," in ji Baffa, ya durƙusa a gaban gadon. "Hayaniyarmu ce ta tashe ka. Ka yi haƙuri."

Baba bai dube shi ba. Hannun yana nan a miƙe, yana rawa.

Hashimu ya dubi Baffa.

Baffa ya daɗe yana kallon hannun nan.

"Ba shi," ya ce. "Amma kai koma bakin ƙofa. Ke ma matar Yaya, kada ki taɓa shi. A jingina masa a matashi."

Aka jingina wayar a kan matashi, a cinyarsa. Hashimu ya ja da baya. Ba tare da Inna ta tallafe gwiwar ba, hannun nan ko kofi da ƙyar yake riƙewa.

Baffa ya matso da fuskarsa kusa da ta yayansa.

"Yaya. In kana ji na, in wannan gandunmu ne, ba zan tambaye ka tsamiya ba, kowa ya san tsamiya." Ya nuna wayar. "Nuna min tsohuwar rijiya. Wadda jakin Babanmu ya faɗa. Wadda muka cike ni da kai."

Hashimu ya dubi Inna. Ta girgiza kai. Ita ma ba ta taɓa jin wannan ba. Tun kafin a kawo ta gidan ne.

Yatsan Baba ya tashi.

Ya yi sama, ya kauce, ya bugi gefen wayar. Ya dawo. Gumi ya tsattsafo a goshinsa. Ya wuce rijiyar tsakiya bai tsaya ba. Ya wuce gawo biyu. Ya gangara kwari, yana ja kamar mai jan kaya, har ya kai wani wuri da layin masara ya ɗan lanƙwasa, ya kewaye fili kaɗan da babu komai a cikinsa, ya koma ya miƙe.

A nan ya sauka. Ya danna. Bai ɗaga ba.

Hashimu ya gane wurin. Tun yana yaro yake bin bayan Baba yana zuba iri, kuma duk shekara in sun zo daidai nan sai Baba ya karkata sungumi ya kewaye. Ya taɓa tambaya, aka ce masa zuba iri ka bar surutu.

Baffa bai motsa ba.

"Nan ne," ya ce. "Ƙasar wurin har yau tana zaftarewa."

Ya sa tafin hannu ya shafe fuskarsa tun daga goshi har gemu.

"Ashe kana nan, Yaya."

"To," in ji Baba.

Inna ta juya ta fuskanci bango.

"Ashe kana jin duk abin da nake faɗa a kanka." Baffa ya sunkuyar da kai. "Wallahi ba ƙwace na yi niyya ba. Gani na yi kaya ya faɗo a kaina, ba wanda zan tambaya. Amma Yaya, ka duba. Geron tudu bara bai yi ba. Ga magani. Ga bakuna. In na bi wannan layin naka, wuta-wuta ta sake cinyewa, me zan ce wa gidan nan? Ka ba ni amsa, ni ba zan iya ba ni kaɗai."

Baba ya dube shi. Karon farko tun shigowarsu. Ya daɗe yana kallon sa.

Sannan yatsan ya sake tashi. Ya tafi ƙasan wayar, inda jakar kayan aiki take. Ya wuce fartanya. Ya wuce gatari. Ya wuce 'yar butar da ya tsana.

Ya tsaya a kan itacen shinge.

Hashimu ya san shi. Tun lokacin furanni ya sare shi ya tara don garken kaji, bai samu ya kafa ba.

"Me ya ɗauka?" in ji Baffa, bai waiwayo ba.

Hashimu ya miƙa wuya yana leƙe.

"Da kai nake. Mene ne wannan?"

"Shinge ne, Baffa."

Yatsan ya koma gindin tsamiya. Ya danna.

Turke ɗaya ya tsaya.

Ya ja kaɗan zuwa yamma. Ya danna.

Na biyu.

Na uku ya faɗa a tsakiyar layin alkama, ya ture shukar da shi da kansa ya wuni yana jerawa.

"Malam!" Inna ta juyo, hannu a ƙirji. "Malam, me kake yi? Raba gandu za ka yi?"

Bai ce to ba.

"Yaya, a'a." Baffa ya kama ƙarfen gadon. "Babanmu yana kan gargara ya ce kada mu raba tukunya. Kai ka amsa masa, ina tsaye. In don riɗi ne, a mayar da shi Ɗambatta. A zubar ma."

Turke na gaba ya tsaya.

Hashimu ya jingina da ƙyauren. Shi ya nace a ji maganar Baba. To ga ta nan ana ji, kuma ba mai ikon tsayar da ita. Ya bi layin shingen da ido. Rijiyar tsakiya ya nufa. In ya kai can ya karya kwana ya hau tudu, to yanki ne ya yanka wa riɗi, inda wuta-wuta ta ci bara, gandu yana nan ɗaya. In kuwa ya miƙe ya wuce har burtali, gona ta zama biyu, rumbu ya zama biyu, ƙofar nan da ke tsakanin sashensu da na Baffa sai a toshe ta da tubali.

Saura kaɗan ya kai rijiya.

A waje aka ji ƙararrawar shanu, da muryar wani yana kwaɗa sallama.

"Salamu alaikum! Masu garma ne! A ce da Malam Sha'aban mun iso da wuri, laima ba ta jira!"



Hannun Baba ya gaji. Ya yi rawa, ya yi rawa, gwiwar ta sake. Ya bugi matashin, wayar ta sulale ta gefen gado, ta nufi kwanon ruwan da ke ƙasa.

Baffa ya cafe ta a iska.

Ya riƙe ta. Fuskarta ta yi duhu da maiƙon man zafi. Ya dubi ƙofa, inda ake ta sallama. Ya dubi wayar. Da ya so, sai ya sa ta a aljihu.

Ya ja bakin rigarsa ya goge ta tas. Ya mayar da ita gaban yayansa, ya riƙe da hannu ɗaya. Ɗaya hannun ya zura a ƙarƙashin gwiwar Baba, ya tallafe, ya ɗaga masa yatsan daidai bakin rijiya.

Baba ko kallon sa bai yi ba.

Yatsan ya fara sauka.